Riƙon gurup ɗin WhatsApp a Damagaram: inda za ka sassauta da inda za ka tsananta

Duk mai babbar waya a Damagaram yana cikin gurup-gurup na WhatsApp, ko yana so ko ba ya so. Akwai na dangi, akwai na unguwa, na tsofaffin ɗalibai, na ƴan layi ɗaya a kasuwar Dole, na matan adashi, na ƴan kabu-kabu, na kwamitin masallaci. A kowanne kuma akwai wani bawan Allah da ake kira admin, wanda galibi bai nemi aikin ba, shi dai ya buɗe gurup ɗin ne, ko kuma an ga yana da hankali aka ɗora masa. Damuwar waɗannan mutane iri ɗaya ce. In ka sa ido a kan kowace magana, a ce ka cika son iko, jama'a su yi gum su koma wani wuri. In ka ƙyale, zagi da jita-jita da talla su cinye wurin, masu mutunci su zare jiki ɗaya bayan ɗaya.

Ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne, kafin ka sa hannu a wata magana, ka tambayi kanka ko ɓarnarta mai gyaruwa ce. Surutu, maimaita gaisuwa, musu kan kokowa, duk suna gundura amma ba sa barin tabo, gobe an manta. Mutuncin mutum, kuɗin jama'a, hoton ƴar wani, labarin da zai iya tayar da unguwa, waɗannan in sun fita ba su dawowa. A kashi na farko ka sassauta ƙwarai, fiye da yadda yawancin masu riƙon gurup suke yi. A kashi na biyu kada ka ji kunyar kowa.

Me ya sa ma ake buƙatar mai kula? Dubi fada. Samari na zaune a kan benci ana dafa shayi, babu wanda ya rubuta doka, amma hira tana tafiya daidai, don kowa na ganin fuskar kowa. Yaro ya wuce gona da iri, babba ya ɗaga kai ya kalle shi sau ɗaya, shi ke nan. Kuma abin da aka faɗa a fada nan yake kwana. A gurup babu wannan kallo, sannan saƙon murya, vokal ɗin da aka yi cikin fushi a Sabon Gari da ƙarfe goma na dare, kafin asuba ya isa Kano da Agadas da wayoyin ƴan uwanmu da ke Libiya. Aikin admin shi ne ya maye gurbin wannan kallo na babba, ba ya wuce haka.

Fara da sanin irin gurup ɗin da ke hannunka

Matakin farko ba a cikin waya yake ba. Ka zauna ka amsa tambaya uku: don me aka buɗe gurup ɗin, mutum nawa ne a ciki, kuma sun san juna ido da ido ko kuwa?

Gurup na mutum ashirin ko talatin da suka tashi tare, ko ƴan gida ɗaya da ke haɗuwa a suna da biki, kusan ba ya son doka ko kaɗan. Kunyar juna tana yi maka aikin. In ka kawo musu dokoki goma da barazanar kora, ka ɓata zumunci ne a banza. Abin da za ka yi a nan kawai shi ne ka tsare ƙofa, ka kuma kira mutum a waya in ya yi kuskure.

Gurup na unguwa ko na sana'a, mai mutum hamsin zuwa ɗari biyu, shi ne mai wuyar sha'ani, kuma shi na fi nufi a wannan bayani. A nan akwai dattijo da jikansa, akwai malami da ɗalibinsa, akwai ɗan Izala da ɗan ɗariƙa, akwai waɗanda sunan juna kawai suka sani. Irin wannan yana son doka a rubuce, da admin fiye da ɗaya, da mai leƙawa safe da yamma.

In kuwa ya haura ɗaruruwa, yawanci ba su san juna ba, to hira a buɗe dare da rana ba za ta yiwu ba. WhatsApp yana ɗaukar mutum har 1024 a gurup ɗaya tun 2022, amma samun wuri daban, iya riƙe jama'a daban. Shawarata a raba gida biyu: gurup na sanarwa wanda admin kaɗai ke rubutu, da na hira wanda mai so ya shiga. Waɗannan adadi kiyasina ne, kai ka san mutanenka.

Manufar gurup ita ke yanke sauran hukunci. A bazara, lokacin da ruwa ke wuya a garin nan, saƙon da ya fi daraja a gurup na unguwa shi ne "ruwa ya zo a famfon layinmu, a fito da bido." In wannan saƙo ya nutse ƙarƙashin hotunan furanni da bidiyon wa'azi arba'in, uwar gida ta gan shi bayan ruwan ya ɗauke, gurup ɗin bai yi aikinsa ba ko da babu wanda ya zagi wani.

Kada ka riƙe shi kai kaɗai

Mataki na biyu, nemi abokan aiki. Ga gurup na unguwa mutum uku sun isa, amma a zaɓe su da lura. Ɗaya ya zama babba wanda ake jin maganarsa, ko da bai iya latsa waya sosai ba. Ɗaya matashi wanda ya san lungu da saƙo na wayar, kuma ba ya rasa mega. In akwai mata a ciki, lallai a sa mace, domin akwai ƙorafin da mace ba za ta taɓa kai wa namiji ba, musamman in wani ya ɗauki lambarta daga gurup yana damun ta da saƙo cikin dare. Ku ukun ku buɗe ɗan ƙaramin gurup naku, can za ku riƙa shawara. Saɓaninku kada ya taɓa fitowa gaban jama'a.

Akwai abu biyu game da yadda WhatsApp ke aiki da ya kamata ku sani. Wanda ya buɗe gurup, sauran admin ba za su iya cire shi ba sai in shi ya fita da kansa. Sannan in admin ɗaya ne tak ya fita, manhajar ce ke ɗauko wani daga cikin jama'a ta ba shi riƙo, ba ruwanta da ko wane ne.

Kowane admin kuma ya sa wa WhatsApp ɗinsa lambar sirri ta biyu, mai alƙaluma shida, wadda ake samu a wurin saitin asusu. Ga dalili. Wani zai kira ka da murya mai ladabi, ya ambaci sunan gurup ɗinku daidai, ya ce ana shirya taro ta waya ko ana rabon tallafi, "an turo maka wasu lambobi shida yanzu, karanto mini in sa sunanka." Lambobin nan mabuɗin WhatsApp ɗinka ne. Kana karanta masa, in ba ka sa waccan lambar sirri ta biyu ba, ya shige da sunanka da hotonka, ya fara bin mutanen gurup ɗaya-ɗaya: "Ina asibiti da yaro, taimaka mini da jika goma zuwa gobe." Kuma za a tura, don an yarda da kai. In admin aka yi wa haka, ɓarawon na iya cire mutane ya zuba nasa. Wannan gargaɗi ku maimaita wa jama'a shi da vokal lokaci-lokaci, kada ku gaji.

Ƙofa

Mataki na uku gajere ne amma yana rage rabin wahala. Taɓa sunan gurup a sama, ka shiga wurin izini. Ka hana kowa canza suna da hoton gurup sai admin. Ka kunna amincewa da sabon shiga, yadda ko mutum ya sami linkin gayyata sai kun yarda zai shigo. In linkin ya riga ya yawata a Facebook ko wasu gurup-gurup, sabunta shi, tsohon ya mutu nan take. Lambar da ba ku sani ba, a tambaye ta: wane ne kai, wa ya san ka a cikinmu? Wanda ya kawo mutum shi ne mai tsaya masa. Kada kuma a jefa kowa ciki ba a tambaye shi ba, balle matar aure ko budurwa, tunda duk wanda ke gurup yana ganin lambar kowa.

Doka kaɗan, wadda za a iya riƙewa a ka

Mataki na huɗu, rubuta doka. In ta wuce biyar ko shida ba mai tunawa, kai ma ba za ka iya tsayawa a kanta ba, kuma dokar da ake takawa ba a ce komai ta fi rashin doka illa. Ga misalin da za ka iya gyarawa ya dace da ku:

"Assalamu alaikum. Wannan gurup na mutanen unguwarmu ne, don sanarwa da taimakon juna. Ba a zagi ko cin mutuncin kowa, na ciki ko na waje. Labarin da ba ka tabbatar ba, tura wa admin tukuna. Ba a sa hoton gawa, ko na haɗari, ko na wani ba da izninsa ba. Neman taimakon kuɗi da sanarwar rasuwa ta hannun admin suke bi. Talla ranar Alhamis kawai. Wanda aka yi wa laifi ya kira admin, kada ya rama a nan. Allah ya bar zumunci."

Sa wannan a wurin bayanin gurup, ka kuma maƙala shi a sama. Saƙon da aka maƙala yana iya zama har kwana 30, in ya sauka ka sake. Sai abin da da yawa ke mantawa: mutanenmu da dama ba sa karanta boko, da vokal suke rayuwa a WhatsApp. Dokar da aka rubuta kawai ba ta isa kunnen Inna mai ƙosai ba. Babban cikinku ya karanta ta da muryarsa, cikin natsuwa, minti ɗaya ko biyu, a riƙa tura wa duk sabon shiga. Kafin a kafa ta kuma a ba jama'a kwana biyu su yi gyara. In an rabu kan wani abu, kamar ranar talla, a yi ƙuri'a, manhajar tana da wurin yin ta. Mutum ya fi kiyaye dokar da aka tambaye shi kafin a sa.

Ka lura ban hana talla gaba ɗaya ba. Mai sayar da turaren wuta ko atamfa ko kilishi a cikinku neman halali take yi, kuma maƙwabtanta su ne kasuwarta. A ba ta rana, kada a rufe mata ƙofa.

Abin da za ka kawar da kai

Nan ne admin masu ƙwazo suke yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Lokacin gasar kokowa ta ƙasa, ƴan Damagaram da ƴan Maradi ko Tawa da ke gurup za su yi ta tsokanar juna kan wa zai ɗauki takobi. Bar su. Babarbare ya ce wa Bafillace bawansa, Bafillace ya mayar masa da wadda ta fi ta, wannan wasa ne da ya girme mu duka, har UNESCO ta sa wasan dangi na Nijar cikin gadon al'adun duniya a 2014. Admin da ya goge irin wannan da sunan hana ƙabilanci ya nuna bai san mutanensa ba. Abin da za ka duba kawai, shin wanda ake tsokana yana ramawa da dariya, ko ya yi shiru? In abokin wasa ne kuma yana ramawa, ba ruwanka. In mutum biyar sun taru a kan ɗaya, shi kuma ya daina amsawa, wasa ya ƙare.

Haka gaisuwar Juma'a, da barka da shan ruwa, da hira da ta kauce daga manufa na ɗan lokaci. Waɗannan su ke sa mutane su ji gurup ɗin nasu ne. In bidiyo sun yi yawa suna cinye wa mutane mega, koya musu yadda ake kashe saukar hoto da bidiyo kai tsaye a wayoyinsu, ya fi ka yi ta faɗa. Musu mai zafi ma ba laifi ba ne muddin a kan magana ake yi. Mutum biyu na iya yin sa'a guda suna ja-in-ja kan gyaran kwalbati ko kuɗin mai gadi, ka bar su, gurup ɗin don haka aka yi shi. Ranar da aka bar maganar aka koma "kai ɗan wane ne, mun san asalinka," ranar ce taka.

Inda ba sassauci

Jita-jita ce ta farko. Ka koyi duba kan saƙo: in akwai kibiya biyu da alamar an tura shi sau da yawa, ya ratsa hannaye da dama kafin ya iso, ba wanda ya san mafarinsa. Kamfanin da kansa ya san haɗarin, shi ya sa tun 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 kuma ya mayar da irin wanda ya yawata sosai zuwa wuri ɗaya tak. Amma vokal ɗin da wani ya ce "wallahi yanzu aka gaya mini" ba ya zuwa da wata alama. An ga masu satar yara a mota kaza, allurar rigakafi kaza tana hana haihuwa, an kai hari a hanyar Tanut: irin waɗannan suna iya sa a yi wa baƙo marar laifi duka, ko uwa ta hana ɗanta magani.

Abin yi shi ne ka tambayi mai turowa, a fili kuma da ladabi: wa ya gani da idonsa, a ina, yaushe? In amsar ita ce "ni ma turo mini aka yi," goge saƙon, ka rubuta cewa an ɗauke shi har a tabbatar. Sannan ka bincika da gaske, kada gogewar ta zama ƙarshen aikinka. Garin nan ba shi da girman da za a rasa wanda za a kira. A farkon Satumba na 2024, da tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na ƙarni na 19, ya rushe saboda ruwan sama, bidiyon ya zaga wayoyi cikin ɗan lokaci, kuma gaskiya ne. Amma ta wannan hanya dai tsofaffin bidiyon ambaliya na wasu ƙasashe suke shigowa kowace damina a ce a nan ne. Ido ba ya raba su. Kiran mutum ɗaya da ke zaune a unguwar da aka ambata shi ke raba su. In labari ya tabbata, ka dawo da shi da bakinka, ka gode wa wanda ya fara kawowa, don kada mutane su ɗauka kawo labari laifi ne. Malamanmu sun sha karanta mana aya ta 6 ta Suratul Hujurat kan bin diddigin labari, da hadisin da ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Tunatar da wannan yakan yi aiki inda faɗa bai yi ba.

Sanarwar rasuwa tana son kulawa ta musamman. Kada a sa ta sai an ji daga bakin ɗan gidan, da lokacin jana'iza da wurinta. Ko ta tabbata ma, a tambaya ko an sanar da na kusa. Ba daidai ba ne ɗa yana Yamai ko Agadas ya buɗe waya ya tarar da hoton mahaifinsa da "Allah ya jiƙansa" hamsin a ƙasa, ba wanda ya kira shi.

Kuɗi kuwa, duk wani tarin taimako ya bi ta hannun mutum biyu da aka sani, lamba ɗaya da aka sanar, ko ta Nita ko Amana ko hannu da hannu. A je a ga marar lafiyar. In an gama a kawo lissafi: ga abin da ya shigo, ga abin da aka kashe, ga wanda ya karɓa. A bar wa mai bayarwa zaɓi ko a faɗi sunansa ko a ɓoye, don kada mai jika ɗaya ya ji kunya gaban mai jika hamsin. Gurup da yawa da suka watse, in ka bi sawu, a kan kuɗin da ba a yi lissafinsa ba ne.

Hoton mace da aka sa don tozartawa, ko vokal na sirri tsakanin mutum biyu da aka fallasa, wannan ba ya jiran shawara. Admin na iya goge saƙon kowa ga kowa cikin kwana biyu da turo shi, amma a nan minti ake lissafawa, don duk wanda ya riga ya sauke ya sauke. Goge nan take, ka cire mai turowa, bayani ya biyo baya.

Ku kuma sani akwai doka. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun Yuli 2019. An sassauta ta a 2022, sannan a Yuni 2024 aka maido da hukuncin ɗauri: shekara 1 zuwa 3 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5 kan ɓata suna ko zagi ta waya da intanet, shekara 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da zai iya tayar da hankalin jama'a ko taɓa mutuncin ɗan Adam, ko da labarin gaskiya ne. Kowa na da ra'ayinsa game da wannan doka, amma jama'arka suna da haƙƙin su san tana nan. Mutane na jin an ce saƙon WhatsApp a kulle yake, sai su saki baki. A kulle yake a hanya, amma kowane ɗan gurup na iya ɗaukar hoton allon wayarsa ya kai inda ya so.

Addini da siyasa fa? A gurup na unguwa ko na dangi, ni ina ganin a bar tunatarwa da addu'a, a hana muhawarar Maulidi da ƙabalu da sadalu da kafirta juna. Ba a taɓa gama ta a waya ba, kuma gobe a sahu ɗaya za a yi jana'iza. Mai son ta, akwai gurup-gurup da aka buɗe don ita.

Yadda ake gyara mutum ba a kunyata shi ba

Mataki na gaba shi ne wanda ya fi nuna ko ka iya riƙo. Ka fara da kira, ba rubutu ba, kuma a keɓe. Gyara a gaban mutum ɗari, ko da kai ke da gaskiya, sai ya sa mai laifi ya kafe don kare girmansa.

A ce dattijo ne ya turo vokal yana kiran wani maƙwabci ɓarawo kan rikicin fili. Ba ka rubuta masa "ka karya doka ta farko." Ka kira, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka tambayi gida da jiki, sannan: "Baba, na ji saƙonku, kuma na san ba a banza ranku ya ɓaci ba. Sai dai akwai yara a ciki, ga shi maganar fili ce, tsorona kada a ɗauke ta a kai wani wuri ta zame muku abin magana. Da za ku yarda ku goge da hannunku, gobe in Allah ya kai mu in zo mu je wurin mai unguwa tare." Sau da yawa zai ce, "To ɗana, yaya ake gogewar?" Ka ga ya goge da kansa, girmansa na nan. Wannan ya fi ka goge masa, domin in admin ya goge, manhajar tana nuna wa kowa cewa admin wane ne ya goge. In ka san bakinka bai kai ba, tura babban cikinku, ko ka nemi wanda dattijon ke jin nauyinsa. Amma alƙawarin zuwa wurin mai unguwa, ka cika shi.

In mutum ya sake, gargaɗi na biyu ya zama a rubuce, daga admin biyu, a gaya masa abin da zai biyo baya. In ya sake na uku, a fitar da shi na mako ɗaya ko biyu, a gaya masa ranar da za a maido shi, kuma a maido shi ranar. Kora ta har abada a ajiye ta ga mai damfara, da mai bin mata, da mai fallasa, da wanda ya nuna ba gyara yake so ba. In an cire mutum, layi ɗaya ya isa: an fitar da wane bisa dokar gurup bayan an yi masa magana. Kada a bari a zauna ana cin namansa bayan ba ya nan.

Duk wannan ba zai yi amfani ba in dokar tana da ido. In Alhaji mai ba da gudummawa mafi tsoka ya yi zagi aka yi shiru, ɗan kabu-kabu ya yi aka kore shi, jama'a sun gani, kuma daga ranar maganarka ta zube. Salon magana yana bambanta tsakanin babba da yaro, hukuncin kuwa ɗaya ne. In rigimar ta shafe ka, ko ƙaninka, ko abokin kasuwancinka, janye hannunka ka bar wa sauran admin.

In wuta ta tashi

Wani dare za ka buɗe waya ka tarar da saƙo ɗari uku, ana ta jifan juna da vokal. Kada ka tsaya sauraron duka kafin ka motsa. Shiga wurin izini ka mayar da rubutu na admin kaɗai, sannan ka sanar: "Jama'a, a yi haƙuri, mun rufe zuwa ƙarfe takwas na safe don zukata su huce. Ba mu ɗauki gefen kowa ba. Mai magana ya kira ɗaya daga cikinmu." Faɗin lokacin buɗewa wajibi ne, in ba haka ba sai a ce kun ƙwace gurup, a je a buɗe wani a ci gaba da faɗan a can. Cikin daren ku saurari abin da aka faɗa, ku kira ɓangarorin biyu. Da safe ku buɗe a kan lokaci, ko an sasanta ko ba a sasanta ba, ku ce maganar ta koma hannun manya. Rufewa magani ne mai ƙarfi, in ana yawan sha yana daina aiki. Gurup da ake rufewa kowane mako, matsalarsa mutum ɗaya ne ko biyu da aka ƙi fuskanta.

Duba ko ka yi yawa ko ka yi kaɗan

Bayan wata biyu ko uku, ku zauna ku uku ku duba. In saƙonnin admin sun fi na kowa yawa, in mutane na tambayar izini kafin su yi magana ta yau da kullum, in ka ji an buɗe wani gurup da mutanenku amma ba ku, kun matsa da yawa: ku rage doka, ku daina tsoma baki a ƙananan abubuwa. In kuwa mata sun daina magana, dattawa sun fice, mutum huɗu ko biyar su ke ta surutu, kun yi sakaci. Tun 2022 mutum na iya fita ba tare da jama'a sun gani ba, admin kaɗai ake sanar wa, don haka ku ne za ku lura. Wanda ya fita, a kira shi a tambayi dalili ba tare da roƙon ya dawo ba. Abin da zai faɗa muku ba za ku ji shi daga waɗanda suka zauna ba.

Kai ma ka sa wa kanka iyaka. Leƙawa bayan sallar asuba, da azahar, da bayan isha'i ta wadatar ga yawancin gurup, ku raba lokutan tsakaninku. In tafiya ta kama ka zuwa inda rezo ba shi da ƙarfi, sanar da sauran. In ka gaji, faɗa, a zaɓi wani, ka ba shi admin tun kana nan, ku yi wata guda tare kafin ka sauka. Gurup kuma da aka buɗe don biki ko tarin taimako, in an gama an yi lissafi, a yi godiya, a cire kowa ɗaya-ɗaya, admin ya fita a ƙarshe sannan ya goge shi, don kada lambobin mutane su zauna a wurin da ba mai tsaro.